LIKITA BA ALƘALI BA NE: Masu Sauya Jinsi Da Ƙofar Asibitin Mata A Amurka Da Ingila

  

'Yan'uwa masu karatu, mun san wasunku za su yi mamakin ganin wannan magana a wannan shafi, wasu ma za su so su tsallake ta zuwa shafi na gaba. Muna roƙon a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke hukunci. Maganar ta shafi wasu mutane ne a Amurka da Ingila waɗanda aka haifa mata, daga baya suka koma rayuwa da suna da kama irin ta maza, wato waɗanda kafofin watsa labarai suke kira masu sauya jinsi. Da yawansu suna karɓar sinadarin maza da ake kira testosteron, gemu ya fito musu, murya ta yi kauri, wasu an yi musu aikin ƙirji, wasu kuma har takardunsu na hukuma an canza. Amma mafi yawansu mahaifa tana nan a jikinsu, bakin mahaifa yana nan, ma'ajiyar ƙwan haihuwa tana nan. Duk gaɓar da take jikin ɗan Adam kuwa tana iya kamuwa da cuta, kuma sankara ba ta tsayawa duba katin shaida kafin ta kama mutum.

Tun da farko bari mu kawar da abin da zai iya tsaya wa mai karatu a rai. Hukuncin sauya jinsi sananne ne a wurin malamanmu. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta zauna a kansa a shekarar 1989, ta ce bai halatta ga wanda halittarsa ta cika namiji ko mace ya sauya ba, ta kuma halatta gyara ga wanda aka haifa da alamomin jinsi biyu, wato mata-maza. Wannan bahasi yana nan a inda yake, ba shi ya kawo mu yau ba. Abin da ya kawo mu tambaya ce guda ɗaya: idan irin wannan mutum ya zo asibiti jini yana zuba, ko ƙari yana cin cikinsa, mene ne wajibin likita? Babu wani malami da muka taɓa ji ya ce a bar shi ya mutu a bakin ƙofa. To amma haka aka yi a ƙasar da ta fi kowace ƙasa cika wa duniya kunne da zancen haƙƙin ɗan Adam.

Robert Eads mutumin Amurka ne, an haife shi mace a shekarar 1945, ya yi aure har ya haifi 'ya'ya biyu maza, sannan bayan ya haura shekara 40 ya koma rayuwa a matsayin namiji. Da wannan suna duniya ta san labarinsa, shi ya sa muke kiransa da shi. Yana zaune a ƙauye kusa da garin Toccoa a jihar Jojiya. A shekarar 1996 ciwon ciki mai tsanani da zubar jini suka kai shi ga gwaji, aka gano sankarar ma'ajiyar ƙwan haihuwa. Aka shiga neman likitan mata da zai karɓe shi. Likitoci sama da 12 suka ƙi. Ba don cutar ta fi ƙarfin iliminsu ba, ba kuma don babu gado ba. Hujjarsu ita ce ganin mai gemu zaune a ɗakin jiran mata zai kunyata sauran masu zuwa, kasuwarsu ta faɗi. Sai a shekarar 1997 asibitin Kwalejin Koyon Likitanci ta Jojiya ya karɓe shi, aka yi masa aiki, aka ɗora shi a kan magani, amma ihu ne bayan hari, cutar ta riga ta bazu. Ya mutu a watan Janairun 1999 yana da shekara 53. Wata mai shirya fim, Kate Davis, ta ɗauki shekararsa ta ƙarshe a wani fim mai suna Southern Comfort, wanda ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Sundance a 2001. Aka tafa, aka share hawaye, aka watse.

Domin a gane girman abin da waɗannan likitoci suka aikata, sai an san halin wannan cuta. Sankarar ma'ajiyar ƙwai ba ta da wani gwajin rigakafi abin dogaro da ake yi wa jama'a, kuma alamominta na yaudara ne: kumburin ciki, saurin ƙoshi, ciwon mara, yawan fitsari, abubuwan da kowa zai ɗauka ɓacin ciki ne kawai. Idan aka kama ta tana wuri ɗaya ba ta bazu ba, sama da 90 cikin 100 na masu ita a Amurka suna kaiwa shekara 5 a raye. Idan ta yi nisa a jiki, adadin yana faɗowa zuwa wajen 30 cikin 100. Ke nan kowane wata da aka ɓata a wannan cuta, rai ake cirewa. Likitan mata ya fi kowa sanin haka. Wanda ya san haka, ya ɗaga waya ya ce a'a, sannan ya koma lissafin kuɗin shiga, wane suna za mu ba shi? Ajali na Allah ne, wannan babu shakka, amma ƙaddara ba ta taɓa zama mafakar mai sakaci ba. Wanda ya ga mutum yana nutsewa alhali igiya tana hannunsa ba zai ce kogi ne ya kashe shi ba.

Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan tsohon labari ne, an wuce wurin. To a saurara. A watan Mayun 2019 mujallar likitoci ta New England, wadda tana cikin mafiya daraja a duniya, ta buga labarin wani mai shekara 32 da aka kai sashen gaggawa na wani asibiti a Amurka da matsanancin ciwon ciki. Bai ɓoye komai ba. Ya gaya wa nas mai tantance marasa lafiya cewa shi mai sauya jinsi ne, ya ce ya yi gwajin ciki a gida ya nuna akwai, ya ce ruwa ya zubo masa har ya jiƙa kayansa, ya ce kuma ya daina shan maganin hawan jini saboda inshorarsa ta yanke. Takardar asibiti kuwa ta ce namiji. Sai nas ta ga namiji mai ƙiba wanda ya daina shan maganin hawan jini, ta sa a yi gwajin ciki, amma ta ajiye shi a layin waɗanda ba na gaggawa ba. Sai bayan sa'o'i likita ya duba shi. Ashe naƙuda ce, ruwan nan faya ce ta fashe, igiyar cibiya kuma ta riga jariri saukowa, abin da kowace ungozoma ta san ba ya jiran minti. Aka garzaya ɗakin tiyata, amma aka haifi jaririn babu rai. Likitocin da suka rubuta labarin, ƙarƙashin Dokta Daphna Stroumsa ta Jami'ar Michigan, sun ce da mace ce a takarda ta zo da waɗannan alamomi, da kusan babu shakka an gaggauta duba ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda yake ganin uwar ko uban, ko ma me zai kira shi, ya jawo wa kansa, to shi jaririn me ya yi?

A wannan labari na biyu babu wanda ya nuna ƙiyayya. Harafi ɗaya ne a kwamfuta ya rufe wa mai ilimi ido. Wannan kuwa shi ne shinge mafi yawa a yau, kuma ya fi na zamanin Eads wuyar kamawa, domin babu fuskar da za a nuna a ce ga mai laifi. A Amurka, inda inshora ce ke biyan kuɗin asibiti, kwamfutar kamfani tana iya mayar da takardar biyan gwajin bakin mahaifa kai tsaye idan ta ga an rubuta namiji, a ganinta kuskure ne aka yi. Shirin lafiya na gwamnati mai suna Medicare har wata lamba ya ware, lamba 45, wadda ma'aikaci zai sa domin kwamfuta ta bar takardar ta wuce. Idan akawun asibiti bai san da ita ba, sai mara lafiya ya biya daga aljihunsa ko ya haƙura. A Ingila kuma, inda gwajin kyauta ne, hukumar lafiya tana aika wa masu shekara 25 zuwa 64 takardar gayyata, amma bisa jinsin da aka rubuta a wurin likitan unguwa. Wanda aka rubuta namiji ba ya samun gayyatar haka kawai, sai ya san da maganar ya nema da kansa. Shi kuwa tsarin gayyata an ƙirƙiro shi ne tun asali saboda an san ɗan Adam da mantuwa da jan ƙafa.

Sankarar bakin mahaifa kuwa ita ce sankarar da bai kamata ta kashe kowa ba a ƙasa mai arziki. Kusan dukkanta ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, nau'i biyu kaɗai, na 16 da na 18, su ke da alhakin wajen 70 cikin 100. Tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin canjin farko ya zama sankara, kuma a tsawon wannan lokaci gwaji yana iya gano shi a kawar da shi cikin sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum wajen 660,000 suka kamu, wajen 350,000 suka mutu, mafi yawansu a ƙasashen da gwajin bai wadata ba. Abin takaici ne a ce a London ko Boston, inda kayan gwajin suke jibge, a sami wanda ya rasa shi saboda akwatin da aka cika a fom.

Ko an shiga ɗakin likita ma tsugune ba ta ƙare ba. Testosteron yana sa fatar al'aura da ta bakin mahaifa ta bushe ta yi siriri, saboda haka ƙarfen da ake buɗawa da shi a duba yana yin zafi fiye da kima, ƙwayoyin da ake ɗebowa kuma sau da yawa ba sa isa a karanta. Wani bincike da aka yi a asibitin Fenway na Boston, aka buga a 2014, ya nuna cewa wajen 11 cikin 100 na gwajin waɗannan mutane ba ya karantuwa, alhali a sauran mata bai kai 2 cikin 100 ba. Ma'ana, mutum ya daure ya sha wahala da kunya, sai a kira shi a ce ya dawo a sake. Da yawa ba sa dawowa da wuri. Akwai kuma jahilcin da ya kai ga abin da muka ambata a baya: testosteron yakan tsayar da haila, amma ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne, kuma akwai marasa lafiya da ma'aikata da ba su san haka ba. Ina za su sani? Wani bincike da mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka ta buga a 2011 ya gano cewa a makarantun likitanci na Amurka da Kanada, matsakaicin lokacin da ake ware wa duk abin da ya shafi lafiyar irin waɗannan mutane da makamantansu, a tsawon shekarun karatu gaba ɗaya, sa'a 5 ne. Shi ya sa ba mu yi mamaki ba da wata ƙidaya da aka yi wa masu sauya jinsi sama da 27,000 a Amurka a 2015 ta nuna cewa 23 cikin 100 sun ƙi zuwa wurin likita a shekarar da ta gabace ta alhali suna da buƙata, don tsoron wulaƙanci, kuma 33 cikin 100 na waɗanda suka je sun gamu da wani abu marar daɗi.

'Yan siyasar Amurka kuwa sun mayar da maganar ƙwallo. A 2016 gwamnatin Obama ta fitar da ƙa'ida ƙarƙashin sashe na 1557 na dokar lafiya ta 2010, wadda ta hana a ƙi yi wa mutum gwajin da jikinsa yake buƙata saboda jinsin da ke takardarsa. A 2020 gwamnatin Trump ta soke wannan ɓangare. A 2024 gwamnatin Biden ta dawo da shi, kotuna suka dakatar da shi a shekarar. Kowane ɓangare yana neman ƙuri'a da sunan waɗannan mutane, wannan yana ɗaga tuta, wancan yana zagi, shi kuwa mai ƙari a ciki yana jiran sakamakon zaɓe kafin ya san ko za a duba shi. Wannan ita ce wayewar da ake so mu yi koyi da ita?

Yanzu kuma mu juyo gida, domin laifi tudu ne. Mun san akwai daga cikinmu wanda zai karanta labarin Eads ya ce Allah Ya ƙara, ai shi ya jawo. Muna ce masa ya ji tsoron Allah. Daga ina ya samo wannan fiƙihu? Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wata karuwa da Allah Ya gafarta mata saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa da takalminta. Idan tausayin kare ya kai wannan matsayi, ina ga ɗan Adam da Allah Ya karrama? Ranar da aka ba likita izinin auna ɗabi'ar mara lafiya kafin ya auna jininsa, mai ciwon hanta sai ya rantse bai taɓa shan giya ba, mai ciwon sanyi sai ya kawo shaidar aure, ɗan fashin da aka harba kuma a bar shi a ƙasa tun kafin alƙali ya gan shi. Shari'a ta ware wa hukunci wurinsa da shaidunsa da sharuɗɗansa, ba ta ɗora shi a kan teburin gwaji ba. Kuma kada mu manta, wannan hali ba baƙo ba ne a asibitocinmu. Yarinyar da ta zo da zubar jini ba ta da aure ta san irin kallon da ake yi mata da irin maganar da ake yaɓa mata kafin a taɓa ta. Masu cutar ƙanjamau sun sha irinsa shekara da shekaru. Mata-maza, waɗanda ba su da ko ɗigon zaɓi a halittarsu, da yawa suna girma a ɓoye saboda iyaye suna tsoron dariyar ma'aikata. Cutar ɗaya ce, ta sa farin kaya ne kawai a can da nan.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284, takardar waƙafinsa ta buɗe shi ne ga namiji da mace, mai kuɗi da talaka, ɗan gari da baƙo, ba tare da an nemi ko sisi ba. Malaman fiƙihu kuma ba su kawar da kai daga mutumin da jikinsa bai shiga rajista ba. Duk ɗalibin da ya sauke Mukhtasar na Shehu Khalil ya san da mas'alar mata-maza littafin ya rufe. Mun san mata-maza daban, mai sauya jinsi daban, kada wani ya ce mun haɗa. Abin lura shi ne hanyar da suka bi: sun tambayi jikin ne, me yake da shi, me yake fitarwa, sannan suka gina hukunci. Abin ban mamaki, gyaran da likitoci masu hankali suke kira a yi yau shi ne wannan ɗin: a daina dogara da harafi ɗaya, a rubuta a fayil ɗin kowane mara lafiya gaɓoɓin da yake da su da waɗanda aka cire, mai bakin mahaifa a gayyace shi gwajin bakin mahaifa, mai mahaifa da ya zo da ciwon ciki a yi masa gwajin ciki nan take.

Akwai kuma wani ɓangare da ya kamata mu fi Turawa saurin ganewa, wato kunya. Mu ne muke ta kira a samar wa matanmu likitoci mata, a sa labule, kada a buɗe al'aura sai gwargwadon lalura, kada a tara ɗalibai a kan mace ba da izininta ba. Mun san mata nawa ne suke danne ciwo har ya ci ƙarfinsu don gudun wannan gado. To wanda yake jin wannan gwaji kamar a tsaga shi, ga zafin da sinadarin ya ƙara masa, ga idon jama'a a ɗakin jira idan aka ƙwala kiran sunansa, buƙatarsa ba ta yi nisa da wadda muke nema wa iyalanmu ba: a suturta shi, a yi masa bayani kafin a taɓa shi, a yi amfani da ƙaramin ƙarfe, a ba shi lokacin da babu cunkoso, a tsaya idan ya ce a tsaya. Yanzu ma an sami sauƙi, domin gwajin HPV mutum yana iya ɗebo samfurin da kansa da ɗan tsinke mai auduga, ba tare da kowa ya gan shi ba. Ostareliya ta buɗe wannan hanya ga duk wanda ya cancanci gwaji a watan Yulin 2022, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da yin hakan a cikin asibiti a watan Mayun 2024. Wannan hanya ta dace da su, ta kuma dace da matanmu na kulle, kuma ya kamata ƙungiyoyinmu su sa baki a kawo ta kusa.

Daga ƙarshe muna magana da 'yan'uwanmu likitoci da nas-nas da ungozomomi, musamman waɗanda neman ilimi ko aiki ya kai su Ingila da Amurka, kuma mun san suna da yawa, wasunsu wannan mujalla tana isa hannunsu. Wata rana irin wannan mara lafiya zai zauna a gabanka, da gemunsa, da sunan namiji a katinsa, ya ce maka mararsa tana ciwo. Babu wanda ya ce ka canza aƙidarka, babu kuma wanda ya nemi fatawarka. Ka kira shi da sunan da ke katinsa kamar yadda kake kiran kowa, ka rage murya, ka tambaye shi ko mahaifa tana nan, yaushe rabonsa da gwajin bakin mahaifa, ko akwai yiwuwar ciki, yaushe ya fara testosteron kuma ko ya daina. Idan ya zo da zubar jini bayan haila ta daɗe da tsayawa, kada ka sallame shi sai an bincika. Idan abin ya fi ƙarfin saninka, ka ɗaga waya da kanka ka samo masa wanda zai karɓe shi, ka tabbatar an ba shi rana, sannan ka rubuta wa ɗakin gwaji cewa yana kan testosteron domin su san yadda za su karanta samfurin.